Yaya Tela, Me Likita Ya Ce?

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan nan, da hantsi, Yaya Tela ta cika a asibiti. Ina tsugune a bakin famfo ina wanke wa yarinyata kaya, Malama ƙanwar Yaya ta shigo ba sallama ta ce, "Yaya ta rasu." Na ce, wace Yaya? Don abin da Yaya Tela ta faɗa min da bakinta, gyambon ciki ne, za a ƙara mata ruwa ta dawo ta ƙarasa ɗinkin mutane.

Ni ban yi makaranta ba. Da baki nake faɗar wannan, matar yayana tana rubutawa, kuma na roƙe ta kada ta gyara min ko kalma ɗaya. Gyaran da aka yi min ya ishe ni.

Yaya, da ke nake magana. Ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, amma kin fi min wasu na jini. Lokacin da aka kawo ni gidan hayar nan ban san kowa ba, maigidana yana kan hanya da babbar mota, sai ya yi makonni ban ga ƙeyarsa ba. Shagonki yana bakin ƙofa, ɗan tsukuku, keken ɗinki a jikin taga, buhun ƙyallaye a bayan ƙofa, talabijin a saman kabad kin tokare shi da katako don kada ya kife. Rannan na wuce da bokiti kika ce, "Ke amarya, bangon ɗakinki ba zai gudu ba, zo ki riƙe min bakin yadin nan." Tun daga nan na zama 'yar shago. Ke kika koya min sa maɓalli da kalmasa da guga, ke kika koya min kallon fim.

Fina-finanki duk na wasu ƙasashe ne, da yaren da ba na ji, rubutu yana gudu a ƙasa. Ke kuwa ƙafa tana kan keke, allura a gefen baki, ido ɗaya a kan ɗinki ɗaya a kan talabijin, kina juya min maganarsu. In tsoho ne ki yi muryar tsoho, in budurwa ce ki maƙale murya har kwastoma su riƙe ciki.

Na waƙa da rawa na fara so, don ba sai an fassara min ba. Mutum yana cikin talauci, mai gida ya watso masa kaya waje, sai kawai ya ɓarke da waƙa, 'yan layi duk su fito su jeru a bayansa, ƙafarsu ɗaya kamar sun kwana suna koyo. Na ce, "Yaya, su waɗannan ba su da girki a wuta?" Kika ce, "Wutarsu ma rawa take yi." Ke ba rawar kike kallo ba. Da jaruma ta juya sai ki danna rimot ki tsayar da ita hannu a sama, ki matsa har hancinki ya kusa taɓa gilashi, kina duba yadda aka yanka hannun riga. Rabin matan layin nan da kayan fim suke zuwa biki ba su sani ba.

Na soyayya kuwa haushi suke ba ni, amma ba na iya tashi. Namiji ƙato ya tsaya a ƙarƙashin taga ruwa yana dukansa, yana kuka don mace ta ƙi leƙowa. Kika ce, "Ranar da kika ga irinsa a layin nan kira ni, in auna shi in ɗinka masa riga kyauta." Akwai wanda na fi so, na masunci da mai sayar da fitilu. A ƙarshe ya dawo daga ruwa ya tarar da rumfarta a rufe, wata tsohuwa ta yi masa magana, ya zauna a ƙasa. Kika ce tsohuwar cewa ta yi yarinyar ta tafi wajen gwaggonta haɗa kayan ɗaki, shi kuma daɗi ne ya kashe masa ƙafa. Na yarda. Har guɗa na yi.

Na wata duniya su ne suka ba ni tsoro, ga shi lokacin ina da ciki. Na ce, "Yaya kashe, kada in haifi mai kan ƙarfe." Kika yi dariya har allura ta faɗi. Amma akwai guda da ya shiga raina, na garin da ke cikin ƙaton kwanon gilashi, iskar shaƙa tana ƙare musu. Wata mata ta ƙarfe, mai reno, ta ɗauki jariri ta sa a cikin ƙirjinta ta fita tana ratsa jan rairayi za ta kai shi wani garin. Tana tafe sassan jikinta suna zubewa. A ƙarshe ta zauna a gindin dutse, fitilar idonta ta mutu, rubutu ya hau. Na riƙe hannunki na ce me ya faru? Kika ce, "Caji take yi. Rubutun ya ce da gari ya waye ta tashi ta kai shi, ya girma ya zama babban mutum." Sau nawa na sa kika maimaita min fim ɗin nan, Yaya?

Ranar da naƙuda ta kama ni ke kika rufe shago da ɗinkin amarya a kan keke, kika kai ni asibiti, kika sha zagin uwar amarya daga baya ba ki ko faɗa min ba. Ke kika fara ɗaukar yarinyar, kika ce, "Ga Jaruma ta iso." Sunan ya bi ta har yau.

Matan layin nan kuwa, Allah Ya isa tsakaninki da bakinsu. Su ne masu cewa shagonki wurin lalata matan aure ne, babbar mace ba miji ta zauna tana kallon rawa. Akwai wadda ta tare maigidana a hanya ta ce ya ja min kunne. Yanzu su ne a sahun gaba a zaman makoki, suna jan majina suna cewa ba a taɓa mace irinki ba, kuma rigunan da kika ɗinka musu ne a jikinsu.

To a wurin zaman nan ne abin ya same ni. Ana ta faɗin alherinki, ni ma na ce bari in faɗi nawa. Na ce Yaya ko fim ba ta son mai mugun ƙarshe, duk nata da daɗi suke ƙarewa, na ba da labarin matar ƙarfe. Sai Malama ta yi murmushi da hawaye a fuska ta ce, "Allah sarki Yaya, har ke ta yi wa? Ai matar ƙarfen nan ba ta tashi ba. Rubutun cewa ya yi bayan shekaru aka tono su a cikin rairayi, ita da jaririn." Na ce, mai fitilu fa? Ta ce, "Mutuwa ta yi, shi ya sa ya zauna a ƙasa. Haka Yaya take tun muna yara, ba ta iya faɗa wa mutum abin da zai sa shi kuka. Ko ciwon nan nata sai da aka kwantar da ita muka san ba gyambo ba ne." Mata suka yi ta cewa Allah sarki, zuciya mai kyau. Ni kuwa na ɗauki Jaruma na fita ko takalmi ban tsaya nema ba.

Don ba fim kaɗai kika fassara min ba, Yaya.

Kin san yadda Jaruma take. Shekararta biyu ba ta kai girman 'yar shekara ɗaya ba. In ta yi ɗan gudu sai ta tsuguna tana haki, in ta yi kuka leɓɓanta su koma baƙi-baƙi, farcenta ma haka. Ke kika matsa muka je babban asibiti. Likitan ba ya jin Hausa, da yarensu na boko yake magana. Ya shafa mata wani abu mai sanyi a ƙirji, ya yi ta yawo da ƙarfe a kai yana kallon wani ɗan talabijin. Ya kira wani likitan, suka kalla tare. Sannan ya cire tabarau ya juyo ya yi magana, ya daɗe yana yi, yana zana abu da yatsa a tafin hannunsa. Ina kallonki kina murɗa hannun jakarki. Kin yi masa tambaya, ya girgiza kai, kin sake yi, ya buɗe hannuwa. Da na ce me ya ce, kika ce, "'Yar ƙaramar ƙofa ce a zuciyarta, tana rufewa da kanta in yaro ya girma. A ba ta magani, a dawo ya sake dubawa." Maganar da ya daɗe yana yi, ke a numfashi ɗaya kika gama ta. A hanya kika saya mata balan-balan, kika yi ta ba ni labarin wani sabon fim na rawa har muka iso gida. Ranar na yi barci kamar an sauke min dutse.

Yanzu ki faɗa min, ƙofar tana rufewa, ko caji take yi ita ma?

Da na koma ɗaki daga wurin makokin na buɗe akwati na ɗauko rigar da kika ɗinka mata bayan zuwanmu asibiti, mai ruwan ƙwai ɗin nan. Ke kika koya min cewa rigar yaro ba a yanka ta cif. Ana barin rara a kalmasa, faɗin yatsu, a naɗe ta ciki, in ya ƙara tsawo a warware. Kin taɓa sa ni na farke ɗinki gaba ɗaya don na manta, kina cewa, "Yaro shuka ne, ke wa ya ce miki nan zai tsaya?" Na juya rigar Jaruma na duba. Babu rara, Yaya. Cif kika yanka ta. Na ɗauko tsofaffin da kika yi mata tun tana jaririya, kowace da rararta a naɗe. Wannan ce kaɗai babu.

Wataƙila yadin ne bai kai ba, ragowar na wata ne. Wataƙila ciwo ya riga ya ci ƙarfinki kin manta. Haka nake faɗa wa kaina in na ga tana wasa. In ta tsuguna tana haki kuma sai in ce a'a, Yaya ba ta mantuwa a kan keke.

Na kira maigidana a waya na faɗa masa. Yana cikin ƙarar mota ya ce, "Ke da fina-finanki. Yanzu a kan bakin riga za ki tayar min da hankali ina tuƙi?" Na tambayi Malama ko kin taɓa yi mata zancen, ta rantse ba ki ce mata komai ba. Kin tafi da shi ke kaɗai. In akwai abin da likita ya ce a yi da wuri, aiki ne ko wani asibitin, lokacin yana ta wucewa ina zaune ina sa maɓalli ina dariyar masu rawa. In kuma cewa ya yi babu abin yi, ai ni na haife ta, ni ya kamata in sani. Da na rage yi mata tsawa. Da ban bar ta tana kuka a bayana ina guga ba.

An ce ba a faɗin laifin mamaci, kuma ni ban ce ke muguwa ba ce. Ban taɓa ganin mai tausayinki ba. Amma kin ɗauke ni yarinya, Yaya. Kin ga ban iya karatu ba sai kika zaɓar min abin da zan ji. Da kin bar ni na yi kukan mai fitilu a shagonki, kina kusa, kina miƙo min ƙyalle in share ido, da yanzu na san yadda ake yi. Ga shi zan koya ba ke.

Ranar Alhamis ne komawarmu asibiti. Malama ta ce za ta ɗauki izini a makaranta ta raka ni. Na ce sai ta yi min alkawari, duk abin da ya fito daga bakin likita ta juya min shi yadda yake, in ya yi dogo ta yi dogo, in ya girgiza kai ta faɗa min abin da ya girgiza wa kai. Ta ce ta yi. Amma jininku ɗaya, na ga yadda ta kawar da ido da ta kalli Jaruma. Don haka na ce wa matar yayana ita ma ta shirya, su tsaya su biyu, in ɗaya ta rage ɗaya ta cika.

Allah Ya jiƙanki, Yaya Tela. Allah Ya yafe miki, Ya haskaka kabarinki, Ya saka miki da alherin da kika yi min wanda ba zan iya ƙirgawa ba. Abin da kika ɓoye, in don tausayi ne, Allah Ya rubuta miki shi a tausayi. Ni dai zuciyata ba ta sauko ba tukuna, ba zan yi miki ƙarya a kan kabarinki ba, amma ina roƙon Allah Ya sauko min da ita. Malama da sauran 'yan'uwa, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba mu haƙuri, Ya sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Wanda duk ya karanta wannan, in ya yi wa Yaya addu'a, don Allah ya ƙara da Jaruma. Ban san me zan ce ku roƙa mata ba. Sai Alhamis zan sani.