Kwalbar da Sanusi Ya Ba Ni

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai ƙanena Sanusi makwancinsa. Ciwon ƙoda ne ya tafi da shi, bai cika arba'in ba. Ni da na girme shi da shekara tara ga ni nan, ina cin tuwo, ina zuwa masallaci da ƙafata. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan yi masa sadaka, in ja bakina in yi shiru. Bana ba zan yi shiru ba.

Ban yi boko ba. Sana'ata batir. Ina da shago a Tarauni, amma aikin gaske a bayan gidanmu na gado nake yin sa, a Gyadi-Gyadi. Mataccen batirin mota za a kawo, in sa gatari in fasa, in tsiyaye ruwan a ƙasa, in zare farantan ciki in zuba a kasko, in hura gawayi har su narke. Abin da ya fito shi ne dalma. In zuba ta a rami ta daskare, masu saye su zo su kwashe. Tokar kuma a share ta jikin katanga, taku kaɗan daga rijiyar gidan. Haka maigidana ya koya mini, haka shi ma aka koya masa. Idan an gama narki sai mutum ya sha gwangwanin madara, wai tana wanke hayaƙin daga ƙirji. Shekara ashirin ina shan madarar nan da zuciya ɗaya.

Sanusi ne ya yi karatu a gidanmu. Da kaskon nan na riƙe shi bayan rasuwar mahaifinmu, kuma ban taɓa barin ya manta ba. Ya zama ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, irin masu auna jini da ruwa. Daga baya ya koma ƙaro ilimi, aka ce ya zaɓi abin da zai yi bincike a kai. Duk abin da ke duniya bai zaɓa ba sai dalma: yadda take shiga ƙasa da rijiya a gidajen da ake fasa batir, da abin da take yi wa yara. Da na ji, cin fuska na ɗauke shi. Na ce a raina, yaron da dalma ta ciyar ta tufatar, yau shi ne zai kai ƙararta.

Ya zagaya Unguwa Uku da Daurawa da Darmanawa da 'yar jakarsa, yana ɗibar ƙasa a leda, ruwa a kwalba, yana liƙa wa kowanne takarda. Gidanmu ya bari ƙarshe. Wata Asabar da hantsi ya same ni a zaure, ya durƙusa kamar yadda ya saba.

"Yaya, izini nake nema. Ƙasar bayan gida nake so kaɗan, da ruwan rijiya."

"Ka gama da gidajen mutane, ka dawo kan na ubanka?"

"Ba haka ba ne, Yaya. Akwai yara a gidan."

"Kawo nan, ni zan ɗebo maka. Ba a shiga mini wurin aiki da farin takalmi."

Daga baya na ji ƙa'idar aikinsu ita ce mai bincike ya ɗeba da hannunsa. Amma wansa ya yi magana. Ya miƙo kwalbar da ledar da hannu biyu.

Ga abin da na yi. Kwalbar na cika ta a famfon masallacin layinmu. Ƙasar na ɗebo ta a gidan surukaina a Daurawa, gidan da ko batirin tocila ba a taɓa fasawa ba. Na kawo masa washegari.

Ba zan ce jahilci ba ne. Wanda bai san komai ba ba ya canza ruwa. Na san abin da hayaƙin nan yake yi wa kaina da cikina. Tsoro ne kawai. Na ga za a rubuta a takarda, takarda ta hau teburin hukuma, a zo a kife mini kasko.

Bayan mako biyu ya dawo zauren.

"Yaya, sakamako ya fito. Babu komai a ciki."

"To, ban gaya maka ba?"

Ya kalli tabarma. "Daga rijiyar nan ka ɗebo?"

"A'a, daga Zamzam na ɗebo."

"Allah ya huci zuciyarka, Yaya."

Bai sake tambaya ba. A wurinmu ƙane ba ya bin bayan wansa yana duba aikinsa. Na san haka, a kan haka na jingina. Bayan 'yan watanni ya ajiye binciken, ya ce aiki ya yi masa yawa. Na ji daɗi. Wannan ma sai na faɗa.

A lokacin 'yata Ummi tana rarrafe. Sunan mahaifiyarmu ta ci, shi ya sa Sanusi ba ya kiran ta sai "uwata". Inda nake aiki nan take bi na, hannu a ƙasa, hannu a baki. Shi kuwa da ya dawo daga aiki sai ka ji muryarsa daga sashensa: "A kawo mini uwata!" Ya wanke mata hannu da sabulu, ya riƙe ta har magariba. Ina cewa son yara ne. Ta yi ta ciwon ciki, ta ƙi abinci, sau biyu tana sanƙarewa. Muka ce iska ce, muka yi hayaƙi da rubutu. Magana ta zo mata a makare. Yanzu shekararta goma sha biyar. Yarinya ce mai haƙuri, ba ta da rigima. Amma abin da aka koya mata yau, gobe babu shi.

Shekara uku bayan kwalbar Sanusi ya kwanta. Hawan jini, sai ƙoda. Na yi ta kai shi wankin ƙoda a bayan babur har ranar da ba a koma ba. Ni na shiga kabarin na karɓe shi. Ban yi kuka ba, mutane suka ce Allah ya ba ni tawakkali.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Kano ta yau. Yanzu gida kaɗan ne babu sola a kan rufi, kowace sola kuma da batirinta, kowane batir da ranar mutuwarsa. Abin da mu 'yan tsiraru muke yi a ɓoye, yau matasa suna yi a lungu-lungu, da gatari iri ɗaya da madara iri ɗaya. Ni na bar narki shekara shida da suka wuce. Ba tuba na yi ba, hannuna ne ya fara rawa.

Bara wasu masu bincike suka shigo unguwarmu. Shugabarsu wata likita ce, 'yar Kudu amma haihuwar Kano, Hausa a bakinta ta fi tawa. Suna ɗauke da wata na'ura mai kama da bindigar fenti. A ɗora bakinta a ƙasa, a danna, nan take lamba ta fito. Jinin yaro kuma a ɗan soki yatsa, kafin uwar ta gama rarrashi an san abin da ke ciki. Na tsaya a ƙofar maƙwabcina ina kallo. Da Sanusi na nan, da ya rungumi na'urar nan kamar jariri, ya yi ta tambaya har su gaji da shi. Ni kuma abin da ya zo mini daban: da akwai ta a wancan lokacin, ƙaryata ba za ta kai minti ɗaya ba.

Likitar ta tara mu a ƙofar gidan mai unguwa ta yi bayani. Ta ce binciken da ake yi yanzu ya nuna babu wani kaɗan na dalma da ba ya cutar da yaro. Ba ta da ɗanɗano, ba ta da wari a ruwa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta ɗauka ba ta cika mayarwa ba. A jikin babba tana ɓuya a ƙashi shekara da shekaru, tana iya tayar da hawan jini, tana iya cin ƙoda. Wani ya tambayi madara. Ta ce madara abinci ce mai kyau, amma ba ta wanke komai.

Da aka watse na bi ta.

"Likita, mutumin da ya girma a gidan narki, ya sha rijiyar gidan tun yana yaro, ƙoda ta kashe shi. Dalma ce?"

"Baba, ba zan iya ce maka i ba. Ba zan kuma iya ce maka a'a ba."

Da ta ce i, da na san sunan abin da na yi. Da ta ce a'a, da na yi barci. Ta bar ni a tsakiya, kuma gaskiyarta ce. Ta nemi shiga gidanmu, na ce ba yau ba.

Washegari na tafi Unguwa Uku wurin Rabi, matar Sanusi, wadda ta koma gidan iyayenta bayan takaba. Na zauna a zaurensu, ta fito ta gaishe ni. Ban iya kwana-kwana ba. Na gaya mata famfon masallaci, na gaya mata ƙasar Daurawa.

"Sai yau, Yaya?"

"Sai yau."

"Ai ya sani."

Na ɗago kai.

"Ranar da ka ce masa Zamzam, da la'asar ya ɗebi ruwan randata ya tafi da shi. Randata daga ina ake cika ta, Yaya? Da sakamakon ya fito, kwana biyu bai ci abinci ba. Na ce ya je ya gaya maka. Ya ce, in ce wa Yaya maƙaryaci, a gidan da ya ciyar da ni?"

Sai ta yi ta jero mini abubuwan da na gani da idona ban gane ba. Simintin da ya malale tsakar gida da shi lokacin sunan ɗansa, ya ce don baƙi. Famfon da ya jawo cikin gida, ya ce igiyar guga tana wahalar da mata. Murfin da ya sa wa rijiya. Wankin hannun Ummi. Duk na yi masa ba'a a kansu, na ce ɗan boko ya raina ƙasar gidan ubansa, yana dariya. Bayan gida ne kawai bai taɓa ba, don nan nawa ne.

Binciken kuwa, ta ce ba aiki ne ya yi masa yawa ba. In ya rubuta gaskiya, gidanmu zai fito a takarda. In ya rubuta abin da na kawo masa, ya cuci 'ya'yan mutane. Sai ya ajiye alƙalamin gaba ɗaya. Ta shiga ta ɗauko littafinsa, ta buɗe shafin gidanmu ta karanta mini, tunda ni ba na iyawa. Gefen sakamakon farko ya rubuta: "Ba ni na ɗebo ba." Ko a littafin da babu mai gani bai sa sunana ba.

"Shi ya yafe maka tun yana da rai," in ji Rabi. "Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ni da sauran lokaci tukuna, Yaya."

Na ce haƙƙinta ne.

Rabi tana ganin shi ma da nasa laifin, ya kamata ya buɗe baki ko da za mu ɓata. Wataƙila. Da ya yi, da Ummi ta fita daga tokar nan da wuri, da gidajen da ya zagaya sun ji tun lokacin. Amma ni na san wanda ya rufe masa bakin. Tun yana ɗan shekara goma nake koya masa cewa maganata ita ce ƙarshe. Ya girmama ni, ni kuma na ɗauki girman na yi makami da shi. Shi ya sa nake faɗa a jarida, ba a zaure ba. Akwai irina da yawa a garin nan, kowane da ƙane mai ilimi da ke durƙusa masa.

Na koma na buɗe wa likitar ƙofa. A kan simintin Sanusi na'urar ba ta nuna abin tsoro ba. Da aka kai ta bayan gida, jikin katanga, likitar ta kalli lambar, ta ce a fitar da yara daga gidan tukuna. Daga baya aka kankare ƙasar wurin aka tafi da ita, aka zuba sabuwa, aka toshe rijiyar. An auna Ummi. Sun ce za a iya tsayar da ƙari, abin da ya tafi kuwa ya tafi. Littafin, da yardar Rabi, na damƙa musu. Gidajen da ya lissafa a Daurawa da Darmanawa sun bi su ɗaya bayan ɗaya. Aikin da na kashe yana tafiya a hannun waɗanda ba su taɓa ganin fuskarsa ba.

Idan na auna abin da ya rage na Sanusi, ba shi da yawa a ido. Bai samu takardar da ya je nema ba. Akwai simintin da jikokin gidan suke rarrafe a kai. Akwai littafi mai bangon kwali. Akwai yarinyar da ba ta riƙe karatu, amma har yau ba ta cin abinci sai ta wanke hannu da sabulu, kuma in ka tambaye ta wa ya koya mata, wannan ba ta manta ba. Allah ya jiƙan ka, Sanusi, ya sa haƙurin da ka yi da ni ya zama haske a kabarinka.

A ranar da aka auna bayan gidan, likitar ta ce suna so su tafi da ƙasa kaɗan ɗakin gwaji don tabbatarwa. Ta fito da leda, iri ɗaya da waccan, ta miƙo mini da hannu biyu.

"Baba, kai ka fi sanin inda tokar take. Ko za ka cika mana?"

Na mayar da hannuwana baya.

"'Yata, ɗebi da hannunki. Ko mahaifinki ne ya ce ki kawo, kada ki ba shi."