Igiyar Gwangwanin Malam Ta Je Jos

Mun tashi da asuba ranar Juma'a, ni da ƙanwar Malam, tun ba a sa tsintsiya a tsakar gida ba. Ku matan ajinmu da kuka yi ta cigiyata kwana uku, Jos na je, wurin 'yar farina. Ba zan kama sunanta ba, kun dai san ta. Ita ce mai kiɗan nan da ake ce wa rok, wanda ake yi da jita mai lantarki da ganguna, ƙara kamar an tayar da injin casar shinkafa.

Shekara shida ke nan ba ta taka gidanmu ba. A Zariya ta koyi jitar, lokacin da take karatun malanta. Da ta gama sai ta ajiye alli ta haɗa ƙungiya, ita ke rubuta waƙa, ita ke rerawa. Malam ya ce muddin abin nan yana rataye a wuyanta, kada ta shigo masa gida. Ni ban taɓa yi masa musu ba, waya kawai muke yi da ita. Bana da ta ce in zo in ga wasan da za su yi ranar Asabar, na yi sati biyu ina neman bakin da zan faɗa masa. Da na faɗa, sai ya ce: "Je ki gani da idonki. Abin da kika dawo kika faɗa, shi zan ɗauka." Ya haɗa ni da ƙanwarsa ta zama shaida ta biyu. Na san ba zan iya yi wa Malam ƙarya ba. In na ga abin kunya zan faɗa, kuma daga ranar ƙofa ta rufu ke nan.

Abu ɗaya yarinyar ta roƙa in kawo mata, igiyar gwangwanin da babanta ke korar tsuntsu da ita a gonar shinkafa. Na faɗa masa ina jin nauyi, don shinkafa ta fitar da kai, tsuntsu jan-baki ya fara sauka, lokacin da igiyar ta fi amfani ke nan. Da za mu fita sai na tarar da ita a zaure, an naɗe ta an sa a buhu. Daga ɗaki ya ɗaga murya: "Kwana uku. Tsuntsu ba ya jiran kowa."

Adaidaita ta bi da mu bakin kanal zuwa Kura, ruwa ya cika shi fal, shinkafa kore shar hagu da dama. Daga Kura muka shiga wata motar, muka wuce Garun Malam, muka sauka Kwanar Ɗangora, inda muka samu ƙaramar bas mai zuwa Jos. Dubu goma sha biyu kowane mutum. Ƙanwar Malam ta ce da wannan kuɗin a da har Makka ake hangowa.

Matsalar ta fara tun kafin mu kai Tudun Wada. Gwangwanaye sun fi arba'in a jikin igiyar, yawancinsu da tsakuwa a ciki, Malam ya matse bakinsu. Duk ramin da mota ta faɗa sai ka ji kacau-kacau daga baya. Sau biyu direba yana tsayawa yana leƙa ƙarƙashin mota, yana cewa shekaranjiya ya fito da ita daga gareji. A na ukun ya buɗe but ɗin motar ya girgiza buhun, ya ce: "Kayan wace baiwar Allah ce wannan?" Duk motar aka juyo. Wani mai babbar riga ya ce ko gwangwan muke kai wa Jos, ai can ma suna da bola. Aka yi dariya. Ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da muka tsaya karin kumallo a Tudun Wada, mutane suka nufi mai shayi da mai ƙosai, ni na ja buhuna bayan wata rumfa. Na ciro cokali na bi gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya, ina buɗe baki ina zazzage abin ciki a ƙasa. Ƙanwar Malam tana tsaye tana cin ƙosai tana cewa: "Matar Yaya, ki dai yi a hankali, kayan mijinki ne." Na ce tsakuwa ce, ina ne babu tsakuwa? Daga nan buhu ya yi tsit, na samu natsuwa.

Dajin Falgore kowa ya yi shiru sai salati. Itatuwa dogaye, ciyawa ta fi mutum tsawo, mun ga birai uku zaune a gefen kwalta suna kallon motoci kamar masu jiran fasinja. A Saminaka masara ce ko'ina, gasasshiya ɗari uku, mai zaƙi ƙwarai. Bayan Jengre hanya ta fara hawa, kunnena ya toshe, iska ta sauya. Duwatsu an ɗora wani kan wani, ka ce da hannu aka jera. Mun shiga Jos bayan azahar, sanyi ya sa na ciro zane na biyu na yafa.

Tana tsaye a tasha tana jiranmu. Ta rame kaɗan, ta yi tsawo a idona. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe mu, ni na kawar da kai ina tambayarta ko an yi ruwa a nan, gwaggonta ce ta rungume ta tana kuka. Ɗaki biyu take haya a gidan wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya. Na duba ko'ina, ba zan ɓoye muku ba, har ƙarƙashin gado. Jita uku a jingine, littattafan rubutu sun kai ashirin cike da waƙoƙi da hannunta, darduma a naɗe a kusurwa, wurin sa goshi ya koɗe. Da safe tana koya wa 'yan mata jita, abin da ke riƙe da ita ke nan in babu wasa. Ta ba mu gwate, faten tsakin masara da ganye, mai ɗan tsami. Na ci, amma tuwon shinkafarmu ya fi.

Bayan la'asar ta buɗe buhun. Ta ɗaga igiyar ta girgiza, sai wani ƙwal-ƙwal mara rai. Ta sake girgizawa. Ta dube ni.

"Inna, ina tsakuwar?"

"Tana Tudun Wada," in ji gwaggonta.

Ta zauna a bakin gado ta dafe kai. Ta ce da tsumma na cusa ai da sun yi shiru. Sannan ta bayyana mini. Sabuwar waƙar da za ta rufe wasa da ita, a kan ƙarar igiyar nan ta gina ta. Tun tana 'yar shekara bakwai take zama a rumfar gona kusa da babanta yana ja, a nan kunnenta ya fara sanin kiɗa. Ta gwada gwangwanaye iri-iri a Jos, babu wanda ya yi kukan na Malam. Kuma so take in ɗauko masa waƙar a waya, ya ji abinsa a ciki.

Na ce ta tashi ta samo mini tsakuwa. Washegari da safe 'yan ƙungiyarta suka zo, mace ɗaya mai babbar jita mai kaurin sauti, maza biyu, ɗaya mai ganguna. Duk sun durƙusa sun ce "Sannu, Mama." Suka kawo tsakuwa cikin bokiti, amma dutsen Jos mai kaifi ne, kukansa tsiiit kamar an fasa kwalba. Ta Malam daga gindin kanal yake tsinto ta, ruwa ya goge ta ta yi sumul. Sai da muka je wani rafi a bayan unguwa na tsinto da hannuna. Shekara talatin ina jin igiyar nan daga inda nake shanyar shinkafa, ashe kunnena ya haddace. Gwangwanin madara tsakuwa uku. Na tumatir ƙarami guda biyar ƙanana. Ina sawa ina girgizawa, in bai yi ba in canja.

Saura manyan gwangwanaye guda shida, waɗanda ke ba da ƙara mai zurfi. Su ba tsakuwa Malam ke sa musu ba, ƙwallon goruba ne. Aka aika kasuwa aka sayo goruba, kuma dole a cinye naman kafin a samu ƙwallon. Ku zo ku ga mawaƙan rok zaune a tabarma suna gwaguyar goruba. Mai ganguna ɗan Jos ne, bai taɓa ci ba, ya ce Mama wannan itace ne ko abinci? Ƙanwar Malam ta cinye uku ita kaɗai, tana yi musu gorin haƙori.

An ɗaure igiyar a kan sanduna daga wannan gefen dandamali zuwa wancan. Mai ganguna ya gwada ja, sai fizga yake kamar mai jan akuya. Na ce ba haka ba ne, ɗana. Ja ake yi sau biyu gajeru, a saki, sai ɗaya dogo, don ƙarar ta bi igiya ta tafi har ƙarshen gona. Ya yi ya yi bai samu ba. Yarinyar ta dube ni. Na ce ni ba zan hau gaban mutane ba. Ta ce: "Inna, ko a gona ai tsuntsu ba ya ganin mai ja." Aka ƙara tsawon igiya har bayan labule, aka ajiye mini kujera.

An fara wasa da ƙarfe biyu a wani fili mai katanga. Mutane sun cika, matasa da iyaye, masu hijabi da masu wando. Ta fito da doguwar riga baƙa, da ɗankwali ɗaurin gidanmu, da rigar fata a sama. Da ta ja jitar nan sai da ƙirjina ya girgiza. Ƙarar ta yi mini yawa, gaskiya, amma ta tsagar labule na kasa kunne ga kalmomin. Ta yi waƙar manomin da gonarsa ke ƙarshen kanal, ruwa ba ya isowa gare shi sai na gaba sun ƙoshi. Ta yi ta matan da ke turara shinkafa, hayaƙi ya cinye musu ido, sunan wani ke kan buhu. Mu ke nan fa. Mutanen da ba su taɓa ganin Kura ba suna amsa mata baiti-baiti. Da la'asar ta yi, ta ajiye jita aka tafi hutu, ta zo bayan labule muka yi salla tare.

A waƙar ƙarshe ta ɗaga hannu, komai ya tsaya. Ta ce wannan ƙarar gonar babanta ce. Na ce bismillahi na ja. Biyu gajeru, ɗaya dogo. Filin ya yi tsit, ƙarar ta ratsa daga gefe zuwa gefe. Sai ganguna suka shigo a kanta, sai jitarta, sai muryarta. Hannuna yana ja, hawaye yana zuba, ban samu hannun sharewa ba. Da aka gama ta ce a tafa wa mahaifiyarta. Ban fito ba. Gwaggonta ce ta miƙe a cikin mutane da waya a hannu ta rangaɗa guɗa.

Ranar Lahadi muka juyo da kwandon dankalin Turawa da kabeji. Wannan karon tsumma na cusa wa gwangwanayen. Mun iso da la'asar sakaliya, Malam yana gona, kwana uku yana korar tsuntsu da baki har muryarsa ta dishe. Ban tsaya cire mayafi ba na kai masa igiyar. Ya ɗaura ya ja sau ɗaya, ya tsaya.

"An taɓa mini igiya."

Na faɗa masa komai, tun daga Tudun Wada. Na faɗa masa abin da na gani a ɗakinta da abin da na ji a filin, na ce ƙarar ta yi yawa, amma ban ga abin da zan sunkuyar da kai a kansa ba. Ƙanwarsa ta miƙa masa waya. Ya kalla har ƙarshe, ya ce a maimaita.

"Wa ke ja a bayan labulen?"

"Ni ce, Malam."

"Kina gaggawa a dogon," ya ce. "Ita ma ta yi saurin shigowa. Ki ce mata ta zo kafin a yi yanka, in nuna muku."

Na ce da abin nata za ta zo?

"Nawa ya je wurinta. Nata ma ya zo."

Na tafi Jos ina jin kunyar gwangwanin mijina a mota, ina tsoron abin da zan tarar wurin 'yata, na dawo babu ko ɗaya a raina. Abin da na zubar a bayan rumfa don kada a yi mini dariya, shi ta yi shekara shida tana nema. Ranar Alhamis mai zuwa za ta iso. Na riga na jiƙa shinkafar tuwo, Malam kuma jiya na gan shi a gindin kanal, ya naɗe wando yana tsintar tsakuwa.