Ta Cire Sunana, Ta Bar Muryata

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karanta wannan shafi. Na daɗe ina karanta labaran mutane a nan, ban taɓa zaton wata rana nawa zai shigo ba. A lokacin da abin nan ya same ni ina shekarar ƙarshe a wata kwaleji a Kontagora, ina karatun koyarwa. Ni mutumin Ibeto ne, ɗan manoma, Bakambare gaba da baya. A kasuwa da makaranta na koyi Hausa, kuma duk da ina rubuta ta yadda kake gani, bakina bai taɓa sakin harshen gida ba. In na yi magana a bayan katanga, ko ƙaramin yaro ya san ni ne. Ba mai biya min kuɗin makaranta, mashin ɗina ne uwa da uba. Ina kabu-kabu da yamma, amma babban abin da ya riƙe ni shi ne kai yaran wata tsohuwar unguwa makaranta da safe, in dawo da su bayan azahar, iyayensu su sallame ni a ƙarshen wata. Gidaje ne na malamai da tsofaffin ma'aikata, masu tsantseni, ba kowa suke miƙa wa 'ya'yansu ba. Sai da na yi shekaru ina sallama a bakin zaure kafin na samu wannan yarda. Kawu yaran suke ce min, iyayensu mata kuwa har abinci suke aiko min da shi.

Wani ƙarshen mako na je gida, muna dawowa ni da wani abokin sana'ata, kowa a kan mashin ɗinsa, shi a gaba ni a baya, sai muka faɗa hannun 'yan bindiga a hanya. A kan idona ya faɗi daga mashin, bai ƙara motsi ba. Ni na yar da nawa na faɗa daji, Allah ya yi da sauran kwanana. Washegari aka ɗauko min mashin, na koma aiki kamar ba abin da ya faru, amma ni kaɗai na san abin da ke cikina. Barci ya ƙi, abinci ba ɗanɗano, in taya ta fashe a titi sai gabana ya yanke ya faɗi, in yi ta gumi. A aji malami na magana ina kallon bakinsa kawai. Duk da haka, wallahi ban taɓa ko karce ɗan kowa ba. Tuƙina ma ƙara natsuwa ya yi, don na ga yadda rai ke fita. Ban gaya wa kowa ba, saboda a wajenmu namiji ba ya zama yana ba da labarin tsoronsa.

Ana haka sai yayar wasu yara da nake ɗauka ta dawo hutu. Tana wata jami'a tana karanta ilimin halayyar ɗan Adam, Anti nake ce mata duk da na girme ta. Wata rana na sauke ƙannenta sai ta tare ni a ƙofar gida, ta ce tana binciken kammala digiri a kan yadda ɗalibai ke fama da damuwa, kuma ta ji labarin abin da ya same ni a hanya. Ta roƙe ni in ba ta lokaci kaɗan. Na yi ta noƙewa, ta ce sunana ba zai fito ko'ina ba, haka dokar karatunsu take, kuma magana ma magani ce. Maganar gaskiya, yadda ta yi min magana a tausashe ne ya karya ni, don tun da abin ya faru ba wanda ya tambaye ni yaya nake ji, sai dai barka da arziki. Muka zauna a gindin darbejiyar ƙofar gidansu, ta ajiye waya a kan benci ta ce za ta ɗauki muryata don kada ta manta. Na amince, na saki baki, har da hawaye. Na tashi ina jin kamar an sauke min buhu daga ka, na yi ta yi mata godiya, kai ka ce kyauta ta ba ni.

A cikin wannan hira ne na faɗi kalmar da ta kashe ni. Ina so in ce abin ya taɓa zuciyata, sai na ce mata tun daga ranar nan na taɓu, kuma in ina kan mashin wani lokaci sai in ga kamar ana bina. Haka Hausata take, an taɓa ni, na taɓu, me ya fi wannan sauƙi? Ban kawo a raina cewa in Bahaushe ya ce wane ya taɓu, hauka yake nufi ba. Ita kuwa 'yar gari ce, da Hausa aka yi mata rawar jarirai, ta san sarai abin da kunnen mutane zai ji, ta kuma san abin da nake nufi, tunda ta ji maganar daga farko har ƙarshe. Ba ta gyara min ba, ba ta tambaye ni ba, ta dai gyaɗa kai.

Ba a daɗe ba sai na fara ganin canji. Wani gida suka ce yanzu baban yaran ne zai riƙa kai su a mota. Wani gida aka ce yaran za su riƙa bin maƙwabta. Na je wani gidan na yi ta sallama, aka turo min cewa yau ba makaranta, alhali ina jin muryar yaran ana sa musu takalma. Na binciki kaina, ban yi latti ba, ban yi gudu ba, ban ɗaga wa kowa murya ba. Abokan sana'a suka ce ko wani ne ya yi min asiri. Da abin ya ishe ni sai na tafi wajen wata Hajiya, wadda ta fi kowa riƙe ni kamar ɗanta, na durƙusa a zaure na ce don girman Allah ta faɗa min laifina. Sai ta ce ba ni da laifi, lalura ce, kuma lalura ba ta wuce kan kowa ba. Ta ce da na gaya mata da wuri da ta sa an karɓo min rubutu. Na ce wace lalura? Ta ce wadda na faɗa da bakina, ai ta ji a waya.

Edita, a nan na san abin da aka yi da ni. Ashe binciken Anti ba a kan damuwar ɗalibai kawai ya tsaya ba, rabinsa a kan yadda jama'a ke kallon mai taɓin hankali ne. Sai ta yanko ɗan guntu daga dogon bayanina, daidai inda na ce na taɓu kuma ina ganin ana bina a kan mashin, ta riƙa shiga gida-gida tana kunna wa mata. In sun saurara sai ta tambaye su, za ku yarda wannan mutum ya zama maƙwabcinku? Za ku ci abinci kwano ɗaya da shi? Za ku ba shi ɗanku ya riƙe? Kuma don tsabar son sauƙi ba ta tafi Bobi ko Dukku inda ba a san ni ba, a unguwarsu ta yi, wajen gwaggonninta da ƙawayen uwarta, matan da nake yi wa sallama kowace safiya. Hajiya ta ce tun ban rufe baki a wayar ba matan suka kalli juna. Haba jama'a! Ka kunna wa uwa muryar mutumin da ke ɗaukar ɗanta a mashin yana cewa ya taɓu, sannan ka tambaye ta ko za ta ba shi ɗanta, wace amsa kake jira?

Daga nan gidan su Anti na wuce. Na sa aka kira ta. Ta fito da mayafinta da wayarta, ko a jikinta. Na tuna mata alkawarin da ta yi min, sai ta ce ai ba ta karya ba, ba ta faɗi sunana ga kowa ba, in ina so in rantsar da ita. Na ce Anti, wa ya san sunana a unguwar nan? Kawu mai mashin ake ce min, da muryata aka san ni, ita kuma ita kika ɗauka kika zaga da ita. Na tambaye ta me ya sa ba ta kunna musu inda na ce ban taɓa yar da yaro ba. Ta ce in ta sa wannan, gwajin ba zai yi aiki ba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da ta ce ta ji ba daɗi, amma abin da ya same ni shi ne ainihin abin da bincikenta ke son nunawa, wato ƙyamar da jama'a ke yi wa masu irin lalurata, har ma za ta so ta ƙara shi a babin ƙarshe in na yarda. Masu irin lalurata! Wato ita ma ta gama yanke min hukunci. Zagi ne kawai a bakina, amma na san in na ɗaga murya a ƙofar gidan nan, na tabbatar musu da maganar ke nan. Sai na haɗiye.

Mahaifinta dattijo ne mai mutunci, tsohon ma'aikaci, ba zan yi masa ƙarya ba, ransa ya ɓaci da ya ji. Ya yi mata faɗa a gabana, ya ce in yi haƙuri, shi zai gyara. Gyaran da ya yi shi ne, bayan sallar la'asar ya miƙe a masallacin unguwa ya ce jama'a su shaida yaron nan mai kai yara makaranta lafiyarsa ƙalau, ba mahaukaci ba ne, a daina yaɗa maganar. Kafin ranar mata ne kawai suka sani, a cikin gidaje, suna raɗa. Daga ranar maza suka sani, masu shago suka sani, 'yan kabu-kabun bakin titi suka sani. Wanda bai taɓa jin komai ba ya fita yana tambayar wane yaro ne, me ya yi. Shi kansa mahaifin nata da na je yi masa godiya, a hankali ya ce min 'ya'yansa dai su ɗan dakata tukuna har ƙura ta lafa, ya kuma ba ni shawarar in ga wani malami mai ruƙiyya, don rigakafi.

Ba yaro ɗaya da ya dawo. Hajiyar nan da ta riƙe ni kamar ɗa ta ce ita ta yarda lafiyata lau, amma in wani abu ya faru me za ta ce wa uban yaran? Ban ga laifinta ba, uwa ce. A tasha abokai suka mai da abin wasa, in fasinja ya nufo ni sai wani ya ce a hau a hankali, yau da sauƙi. Suna dariya, fasinja na canza mashin. Kabu-kabun yamma kaɗai bai iya riƙe ɗaki da makaranta ba, zangon ƙarshe ya zo ban yi rajista ba, na ajiye karatun da cewa shekara mai zuwa, kuma har yau shekarar ba ta zo ba. Yanzu buhunan masara da dawa nake ɗauka daga ƙauyuka zuwa kasuwa. Anti kuwa na ji an ce aikinta ya yi kyau, malamanta sun yaba, ta gama har ta tafi bautar ƙasa. Ta taɓa turo min saƙon ban haƙuri, ban amsa ba, kuma ba zan ɓoye ba, ban yafe ba tukuna.

Abin da na koya shi ne, ba suna kaɗai ke nuna mutum ba, balle a gari irin namu inda ake gane ka da tafiyarka da tarinka. Ku ɗaliban da ake turowa bincike, ban ce ku daina ba, ilimi ne, kuma ciwon da na yi fama da shi gaskiya ne, yana buƙatar masu saninsa. Amma mutumin da ya zauna ya buɗe muku cikinsa a garin zai ci gaba da kwana bayan kun karɓi makinku kun tafi. Ku malamansu kuma, ku riƙa tambaya muryar wa aka kunna, kuma wa aka kunna wa. Ku 'yan uwana, in an ajiye muku waya a gaba, ku tambaya wa zai ji, a ina, kuma wane yanki, kafin ku ce uffan. In Hausa ba harshen uwarku ba ce, ku sa a maimaita muku abin da aka fahimta.

Abin da ya fi damuna ma yanzu ba ni ba ne. Akwai wani abokin sana'armu da ya gamu da irin abin da na gamu da shi a hanyar Mariga, ina ganin idonsa ja kullum don rashin barci. Na ja shi gefe na ce mu je asibiti tare, akwai likitocin da suka san wannan, ni ma ina son zuwa. Ya dube ni ya ce yana da mata da 'ya'ya, kuma ya ga abin da magana ta yi min. Ya ce lafiyarsa ƙalau, ya buga mashin ya tafi, ni kuma ban samu bakin da zan kira shi ba.