Ƙauyen Hammanjoda Ya Zaɓi Nehemiya

A unguwar Sarkin Dawaki ba wanda bai san muryar Hammanjoda ba. Tun yana saurayi ya baro ƙauyensu da ke bayan Iware ya shigo Jalingo, ya fara da gyaran rediyo, daga baya ya koma mai shela a motar kamfe. Idan ya riƙe lasifika, har masu wanki a kogin Mayo Gwoi sai sun ɗago kai. Jam'iyya ɗaya ya yi wa bauta har furfura ta fito masa.

Da zaɓen majalisar jiha ya matso, wani tsohon direban tifa mai suna Nehemiya ya fito takara a ƙaramar jam'iyya. Yana zagin manya a bainar jama'a, yana alkawarin taki kyauta da gada kafin damina. Hammanjoda ya sha dariya. Ya daki ƙirji a gaban ciyaman ɗin jam'iyyarsu ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙauyenmu kam a bar mini. Ko ban je ba, namu ne."

Da aka karanto sakamakon akwatin ƙauyen, Nehemiya ne ya kwashe kusan duka. Hammanjoda ya ce ƙarya ne, a sake karantawa. Aka sake. Ya zauna a ƙasa.

Washegari ya hau babur sai ƙauye. Ya tarar da yayarsa Uwani tana ɓarar gyaɗa.

"Adda, wa ya saye ku?"

"Ba wanda ya saye mu. Ni na bi gida-gida na tara masa mata."

Ya tsaya yana kallonta, baki buɗe. "Ke? Mutumin da ba addininku ɗaya ba? Kin yarda zai gina gada?"

"Ba zai gina ba, mun sani," in ji ta, ba ta ko ɗago ba. "Amma ranar da maciji ya sari mijina a gona, rafi ya cika, Nehemiya ne ya goyo shi ya ƙetare da shi. Da Allah ya yi masa cikawa, ya zauna da mu a tabarma har aka yi sadakar uku. Kai fa? Ta'aziyya ta waya ka yi mini, wai kuna Abuja taro. Da kuka zo kamfe, daga kan mota ka kira sunana, ba ka sauko ba."



Hammanjoda ya koma Jalingo ya kwashe duka ya gaya wa ciyaman. Ciyaman ya yi hamma, ya ce zaɓe mai zuwa a ƙara musu atamfa da magi. Wannan amsa ta girgiza Hammanjoda fiye da ta Uwani.

Bai bar jam'iyyar ba. Amma tun daga nan, duk ranar kasuwar Iware yakan wuce ƙauye, ya gaida marasa lafiya, ya ji kukan manoma, ya kai ofishin jam'iyya ko ba a saurare shi ba. Zuwansa na farko, wani tsoho ya kalle shi a tsorace ya ce, "Hamman, lafiya? Ko an soke zaɓen ne za a sake?"