Harafi Ɗaya

A ɗakin jira na cibiyar bincike, wata mata tana zaune kusa da ni, gilashinta ɗaure da zare, kwamfutarta cike da jerin ƙwayoyin gado. Maƙala take kammalawa tana cije leɓe. Da ta zo kan sunan wani farfesa, sai ta sauya harafi ɗaya.

"Yaya, dole in ambace shi," take cewa a waya ƙasa-ƙasa. "Amma injin ƙirga ambato ba ya gane sunan da aka kuskure, kuma da ƙirgar ake ƙara masa girma."

Daga sauran maganarta na ji cewa ita ta rubuta manhajar da farfesan yake taƙama da ita, ya share sunanta ɗungurungum. Ita harafi ɗaya take karɓa, amma a kowace maƙala.