Silimar da Inna Ba Ta Gani Ba

In ana gardamar wane fim ya fi wane, ba na sa baki. Kaɗan na gani a rayuwata, kuma wanda ya fi mini duka ko suna ba shi da shi. A lokacin silima muke cewa. Babu doki a cikinta, babu bindiga, babu rawa. Rijiya ce kawai da mutanen da suka gina ta. Sau ɗaya na gan ta, a Gidan Rumji, 'yan shekaru bayan an ce Nijar ta samu mulkin kai, kuma har yau ban gamu da wanda ya tuna da ita ba. Wana yana ciki. Mahaifiyarmu ta so ta gani, ba ta gani ba, kuma ni na jawo.

Mu maginan rijiya ne, gadon gidanmu ke nan, a wani ƙauye kusa da Gidan Sori. Ubanmu ya rasu da wuri, sana'ar ta koma hannun wana. Shi ke shiga ciki da dagi, ni ina bisa ina riƙe da igiya, ina jan ƙasa da guga. Mutum ne mai surutu. Ko yana gaba ashirin a ƙarƙashin ƙasa sai ka ji yana tsokanar na waje. Ni ba haka nake ba.

Shi ne ɗan farin Inna. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, “wancan” take cewa, ko “mai dagi”. In ya shigo gaishe ta sai ta juya ta kama wani aiki, ta amsa wa bango. In ta dafa abin da yake so, ni take miƙa wa, ta ce ya yi mata yawa, in kai inda za a ci. Ba wanda ya ɗauki wannan a bakin komai. Kunyar ɗan fari ce, haka muka tashi muka ga iyaye mata suna yi.

Bayan mulkin kai aka zo da maganar rijiyar siminti, wadda rairayi ba ya zabtarewa. Aka zaɓi garinmu, aka ɗauke mu aikin. Mun kusa cim ma ruwa sai ga mota da mutum uku, Anasara ɗaya da wani akwati mai ƙafa uku, da 'yan ƙasa biyu. Suka ce za su ɗauki hoton aikin a nuna wa wasu garuruwa. Kwana biyu suka yi. Sau huɗu suka sa wana ya shiga ya fito, wai rana ba ta zauna musu daidai ba. Da ya fito na huɗun, ya ce wa tafinta ya tambayi Anasaran ko a ƙasarsu ma sau huɗu ake haihuwar mutum. Gari duka ya fito kallo, har mata. Inna ta ce tana da daka.

Da bazara sanƙarau ya shigo. Kwana uku wana ya yi. Muka kai shi, muka dawo, aka yi zaman makoki. Inna ba ta yi kuka gaban kowa ba. In mata sun zo yi mata gaisuwa, sai ta ce su je wurin matarsa, ita ce ta yi rashi.

Damina ta wuce, aka yi kaka, aka kwashe gyaɗa. Da rani ya kama sai mai shela ya zagaya kasuwar Gidan Sori yana cewa ranar kasuwar Gidan Rumji za a nuna silimar rijiyarmu bayan azahar, a mangaza, inda ake jibge buhunan gyaɗa, tunda yanzu ba komai a ciki. Kafin in iso gida labarin ya riga ni.

Ana gobe kasuwa, ina gyara wa jaki akumari, Inna ta zo ta tsaya. Ta ce kanwarta ta ƙare, kuma ta Gidan Sori rabinta ƙasa ce, ta Gidan Rumji ta fi. Ta ce ko za ta bi ni ta zaɓa da hannunta. Na ce tafiyar da nisa, ga ƙafarta na ciwo, zan sayo mata. Ta ce ban san kanwa ba. Na ce kanwa ai kanwa ce.

Da safe na tarar da ita a bakin zaure, ta ɗaura baƙin zanenta na saƙi wanda sai biki ko suna yake fitowa, takalmi a hannu. Ta dubi jakin, ta ce ta ga kamar ba shi da kaya. Na ce zai ɗauko dagi biyu da na kai wa maƙeri.

“To,” in ji ta. “Allah shi tsare hanya.”

Ta koma ciki. Na kaɗa jakina na tafi.

Na sha neman abin da zan kare kaina da shi. Wani lokaci in ce tausayin ƙafarta na ji, wani lokaci in ce matar da ba ta fito ta kalle shi yana da rai ba, me zai sa in zaci tana son ganin inuwarsa a ƙyalle. Gaskiyar ita ce ban yi tunanin komai ba. Ta ce kanwa, na ji kanwa.

Mangazar ta cika. An toshe tagogi da buhuna, an rataya farin ƙyalle a bango, inji yana ta ƙara a waje, kwanon rufi ya ɗauki zafi kamar tanda. Mai nuna silimar wani Bazabarme ne siriri. Da ya ga tsagen fuskata ya san Bagobiri ne, abokin wasansa, sai ya ɗaga murya.

“Kai, bawana, koma baya. Kar ka ga mutum a ƙyalle ka zabura ka yaga mini shi.”

Na ce bawa ba ya zaɓa wa ubangidansa wurin zama. Na zauna gaba.

Aka kashe hasken ƙofa, sai ga garinmu ba launi, fari da baƙi. Ga tsamiyar bakin rijiya, ga tulin ƙasar da na jawo da hannuna. Wata murya tana bayani da Faransanci, Bazabarmen yana bin ta da Hausa da iyakar ƙarfinsa. Mutane ba su so ba. Sun zaci irin ta Maraɗi ce da suke jin labari, wadda ake dambe a ciki. Wani a bayana ya ce shi ya baro aiki a gida, ga shi an tara shi kallon aiki. Aka yi dariya, wasu suka fara fita.

Sai igiya ta motsa. Na ga hannuwa biyu suna ja, nawa ne. Kan wana ya ɓullo daga bakin rijiya, caɓo har gira. Ya dafa siminti ya hau, ya tofar da yawu, ya yi dariya, bakinsa ya motsa ba murya. Duk ɗakin ni kaɗai na san abin da ya ce, don ni ya faɗa wa: “Ja mana, raggo, ko nan zan kwana?” Daga nan aka nuna mata suna ɗiban ruwa, aka gama. Suka sa wata ta allurar shanu. Ban yi kuka ba. Na dai zauna a wurin har aka buɗe ƙofa.

Na sayi kanwa, na karɓi dagi, na koma gida. Inna ta karɓa ta sa mini albarka, ba ta tambaye ni komai ba.

Washegari, da ta fita unguwa, matata ta ce in zo in ga wani abu. Ta kai ni ɗakin Inna, ta buɗe wata tukunya a bayan gado. Cike take da kanwa har baki, wadda za ta kai baɗi.

“Maigida,” ta ce, “kai rijiya kaɗai ka iya leƙawa.”

Ta ce tun ranar shelar Inna ta wanke zanen, ta sa aka yi mata kitso, kuma duk matan gidan sun gane sai ni. Na ce me ya hana wani ya faɗa mini. Ta ce wa zai buɗe baki ya ce uwa tana son ganin ɗan farinta, a gabanta? Ai tsiraici ne.

Ranar na koma Gidan Rumji. Wani gardi mai tsaron buro, ofishin gwamnati, ya ce motar silima ta yi gabas, za ta tsaya Agiye ranar kasuwarsu, daga nan ta wuce Gazawa. Inna tana da ƙanwa da ke aure a Agiye. Duk hanyar dawowa ina juya yadda zan faɗa, don yanzu na gane ba a kiran abin da sunansa. Na same ta tana tsince wake, na ce an ce ƙanwarta ta Agiye tana cigiyarta, kuma ni ma ina da abin yi a can. Ba ta ɗago ba. Ta ce to, zumunta a ƙafa take. Kafin in sha ruwa ta ɗaure kayanta.

Jaki ya kai mu bakin hanya, muka hau kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Maraɗi, muka sake wani zuwa Agiye. Ba ta taɓa shiga mota ba. Ta yi amai sau biyu, ta riƙe ƙarfen gefe har yatsunta suka sage. Muka isa ana gobe kasuwa.

Na bar ta gidan ƙanwarta na je neman Bazabarmen. Na same shi a gindin itacen bedi yana goge injinsa. Da ya hango ni ya ce ga bawansa ya biyo shi har nan, ya zo da igiya ko a nemo masa? Ban rama ba. Na faɗa masa wanda ya fito daga rijiyar, da inda yake yanzu, da wadda na kawo. Ya ajiye tsumman. Ya ce silimar rijiya ta koma Yamai kwana biyu da suka wuce, an canza masa da ta shukar gyaɗa a layi. Ya buɗe gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya ya nuna mini, ko da yake ni duk ɗaya suke a idona. Ya ce da na yi masa magana a Gidan Rumji, da ya jira, da ya juya ta sau biyu ko don tsohuwa ɗaya. Ya ce zai tambaya in ya koma. Na yarda ya tambaya. Silimar ba ta sake zuwa ba.

Ya kamata in faɗa wa Inna a ranar. Na kasa. Yaya zan ce mata abin da ba mu zo dominsa ba, babu shi?

Da azahar ɗin kasuwa ta ɗaura zanen, ta ce za ta raka ƙanwarta su ga abin da mutane ke rububi. A wani ajin lakol, makarantar boko, aka yi, an rufe tagogi da tabarmi. Ta ratsa mutane ta zauna gaba. Ni na tsaya jikin bango, ban kalli ƙyallen ba, ita nake kallo. Wasu manoma ne na wata ƙasa suna ja da igiya suna shuka. Duk namijin da ya shigo sai ta miƙa wuya, in ya juyo sai ta koma. Haka har ƙyallen ya yi fari. Mutane suka watse tana zaune. Ta tambayi ƙanwarta ko shi ke nan, ta ce shi ke nan. Bazabarmen ya zo ya durƙusa ya ce, “Inna, sannu da hanya.” Ta amsa, ta ce aikinsa ya yi kyau.

Kwana biyu muka ƙara don kada a ce ba ziyara muka zo ba. Ranar komawa muna zaune a tasha muna jiran kamiyo, ta ba ni baya tana gyara ƙullin kayanta, sai ta yi magana.

“Waccan ta Gidan Rumji da ka gani. Rijiyar ta yi ruwa?”

Na ce ta yi.

“Mai hitowa daga ciki fa?”

Na ce ya fito, duk jikinsa caɓo, ya yi dariya, ya zage ni. Ta jira. Da wana ne aka tambaya, da ya kai ta har Maraɗi yana ba ta labari, har da abin da ba a yi ba. Ni abin da na iya ke nan, kuma shi kaɗai ta samu.

Can ta ce, wane gefe ya duba da yana dariyar?

Na ce gaba ya duba, sosai, cikin idon duk wanda ke zaune yana kallo.

Ta daɗe tana ɗaure ƙullin da ta riga ta ɗaure.

“To, ka gani,” ta ce. “Ko na je, kaina zan sunkuyar. Ba ka hana ni komi ba.”

Na ce haka ne, Inna. Ban yarda ba, ita ma ta san ban yarda ba. Kamiyo ya zo, na ɗaga ta ta hau.