Hannun da na sa ban duba ba

Ya ku matasa, ni dattijo ne haifaffen Korgom, kuma kafin a san ni da abin kunya an san ni da kyakkyawan suna. Ni ne farkon wanda ya gama lakwal, wato makarantar boko, a gidanmu. Na koyi aikin jirgin sama, har na zama mai bincike a wani ƙaramin kamfani wanda jirginsa ke feshin fara a gonakin gero. Ƙa'idar aikin a fili take: mai gyara ya gyara, ni in gani da idona, in taɓa, sa'an nan in sa hannu. Jirgi ba ya tashi sai da sa hannuna.

Mai gyaran kuwa Illa ne, ɗan kawuna, taubashina. Kun san wasan: ɗan namiji ubangida, ɗan mace bawa. Duk sa'ad da na ɗauko fitila zan leƙa inji, sai ya ɗaga murya ya ce, "Kai bawa, yaushe ka yi girman duba aikin ubangidanka? Sa hannu mu tafi cin tuwo!" A yi dariya, ni ma in yi. Da fari nakan leƙa sama-sama. Kafin damina ta fita, a biro, wato ofis, nake sa hannu, ban ko ga jirgin ba.

Daga baya na gane Illa sayar da sababbin kayan gyara yake yi, ya wanke tsofaffi ya mayar. Na yi shiru. Da salla ya aiko mini da rago, na yanka, na ci.

Wata safiya Malam Tsahiru, mai kula da sito, ya same ni, ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, sabon tiyon esansi, na man jirgi, ya fita daga hannuna, amma tsohon ne a jikin jirgi. Je ka gani."

Na ce, "Tsahiru, so kake in kai ƙarar ɗan kawuna? Da wane ido zan dubi tsohuwata?"

Ya ce, "Ai matuƙin ma uwa gare shi."

Na kore shi, na ce in ya sake ta da maganar, a bakin aikinsa. Ya ji tsoro, ya yi shiru.

Bayan kwana uku jirgi ya tashi feshi wajen Kanan-Bakashe. Tiyon ya fashe, wuta ta kama. Matuƙin, Abdu, mutumin Mayahi, ya yi ta maza ya kauce wa gari, ya sauka cikin gona. Manoma suka jawo shi da rai, amma hannuwansa duka biyu sun ƙone.

Da masu bincike suka zo, Tsahiru ya faɗi duk abin da ya sani. Ni kuwa, da furfurata, na tsaya gaban jandarmomi na kira shi maƙaryaci. Cikin laifuffukana wannan ya fi hana ni ɗaga kai. Aka gano sabon tiyon a hannun wanda ya saya. Alƙali ya tura mu kaso, ni da Illa, kuma can ba wanda ya ƙara yi wa wani wasa.

Da aka sake ni, na tuba ga Allah, na roƙi Tsahiru gafara, sa'an nan na hau mota zuwa Mayahi. Na durƙusa gaban Abdu, wanda na haifi kamarsa. Ya ce, "Tashi, Baba, na yafe. Amma ka sani, ban taɓa shakkar sa hannunka ba ko sau ɗaya."

To, ku da za ku riƙe ran mutane a hannunku, ku ji. In kun ga mai gyara ya mayar da tsohon kaya, ko mai bincike ya sa hannu bai duba ba, ku kai rahoto ga hukuma ran nan, a rubuce, ko da ciki ɗaya kuka fito. In na sama da ku ya tsawata muku, ku wuce shi ku faɗa wa na gaba. Kada ku jira kwana uku. Har yau, in Abdu zai sha fura, sai matarsa ta riƙe masa ludayi.